Malamai ku kawo ɗauki: ta yaya za mu koyar da rubutu a jami'a yanzu da AI ya shiga wayar kowane ɗalibi?

Malamin_GST:

Assalamu alaikum malamai da ɗalibai na wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka riga mu daɗewa a harkar koyarwa.

Ina koyar da GST 111 a wata jami'a a nan arewa, kwas ɗin Turancin nan da duk ɗan aji ɗaya sai ya yi shi, ko likitanci ya zo karanta ko noma ko shari'a. A sabuwar manhajar karatun jami'o'i ta CCMAS da hukumar kula da jami'o'i NUC ta fito da ita a ƙarshen 2022 yunit 2 ne kacal, amma a cikinsa ake so yaro ya iya gina jimla da sakin layi, ya iya taƙaita abin da ya karanta, ya rubuta rahoto da wasiƙa, ya san yadda ake kafa hujja a rubuce. Rukunin da nake ɗauka sun haura mutum ɗari biyar, jarabawar ƙarshen semesta kuma a kwamfuta ake yinta, zaɓi A ko B ko C, to kun ga hanya ɗaya tak da ta rage min in ga rubutun yaro da idona ita ce asaimen ɗin da ke cikin makin CA, wato makin ayyukan cikin semesta kafin jarabawa.

To asaimen ɗin nan ne ya lalace mana. A da ma ana kwafa, ba sabon abu ba ne, amma a da in mutum biyar suka kwafi na mutum ɗaya za ka ga kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, in kuma daga intanet aka ɗebo ka saka jimla ɗaya a Google ta fito maka da shafin. Yanzu kowa nasa daban, Turanci fes babu kuskuren nahawu ko ɗaya, amma ka karanta shafi biyu cur ba ka ji an faɗi komai ba, duk farkonsu iri ɗaya ƙarshensu iri ɗaya, babu sunan gari babu sunan unguwa babu abin da zai nuna maka cewa wanda ya rubuta ya taɓa taka ƙasar nan. Lokacin da ChatGPT, AI ɗin nan mai rubuta wa mutum abin da ya nema, ya fito a Nuwamban 2022 'yan ƙalilan ne suka san shi a wajenmu, amma tun da Meta AI ya shigo cikin WhatsApp a Najeriya a Afrilun 2024 ba sai yaro ya sauke wata manhaja ba ma, yana nan inda yake hira da abokansa.

Ni wallahi ba maganar maki ce ta fi damuna ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne yaro zai shiga aji ɗaya ya fita aji huɗu bai taɓa zama shi da takarda ya yi kokawa da tunaninsa ba, alhali a wannan zaman ne mutum yake gane cewa abin da yake zaton ya fahimta ashe bai fahimta ba. Gobe shi ne zai rubuta rahoton majinyaci, shi ne zai rubuta hukunci, shi ne zai koyar da 'ya'yanmu.

Wasu a sashenmu na cewa a matsa wa hukuma ta sayo manhajar da ke gano rubutun AI a huta, wasu na cewa a soke asaimen gaba ɗaya a mayar da CA ɗin tes a kwamfuta shi ma, ni kuma in aka yi haka ban san me ya rage da za a kira koyar da rubutu ba. Ku da kuke fama da irin wannan me kuke yi? Dan Allah abin da kuka gwada a aji mai yawa nake so, ba na aji mai mutum ashirin ba.

Malama_Tsohuwar_Hannu:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da ka ɗauko wannan magana.

Zan fara da manhajar kamawa saboda nan ne za a iya zaluntar 'ya'yan mutane, kuma hakki ba abin wasa ba ne. Kar ka yarda a ɗora hukunci a kanta. Kamfanin OpenAI da kansa, masu ChatGPT ɗin, sun fito da tasu manhajar ganowa a Janairun 2023, su da bakinsu suka ce kashi 26 cikin ɗari na rubutun AI kawai take iya kamawa, kuma tana ɗora wa rubutun mutum laifi kashi 9 cikin ɗari, zuwa Yulin shekarar suka janye ta saboda rashin inganci. Turnitin ma, masu manhajar gano kwafi, da suka ƙara nasu a Afrilun 2023, jami'ar Vanderbilt a Amurka ta kashe shi a watan Agusta, lissafin da suka yi mai sauƙi ne, sun ce a 2022 takardu dubu 75 ɗalibansu suka tura, ko da kuskuren kashi 1 ne cikin ɗari kamar yadda aka yi iƙirari, takarda 750 kenan za a zarga ba da hakki ba.

Amma wanda ya fi shafar mu shi ne binciken da aka yi a jami'ar Stanford a 2023. Sun ɗauki rubutu 91 na masu jarabawar gwajin Turanci ta TOEFL, wato waɗanda Turanci ba harshen uwa ba ne a wajensu, suka ba wa manhajojin ganowa guda 7, a matsakaici sama da kashi 60 cikin ɗari aka ce AI ne ya rubuta, alhali mutane ne suka zauna suka rubuta. Da aka ba su rubutun yaran Amurka 'yan sakandare kuwa kusan duka suka wanke su. Dalili shi ne manhajar tana duba ne ta ga ko kalmomin da aka jera sanannu ne masu saurin hasashe, to wanda ya koyi Turanci a makaranta ai kalmominsa ba su da yawa, jimlolinsa kuma a miƙe suke irin na littafi. Wato yarinyar da ta taso daga ƙauye ta dage ta koyi Turanci mai tsafta ita ce ta farko da za a kama. Su waye waɗannan in ba ɗalibanmu ba?

Abin da nake yi ni, kuma ajina shi ma ba ƙarami ba ne, na dawo da rubutu cikin aji. Minti goma sha biyar na ƙarshen lakca, waya a jaka, kowa ya yago falle ɗaya, in ba su tambaya ɗaya a kan abin da muka tattauna ko wani ɗan gajeren nassi da muka karanta tare, su rubuta sakin layi ɗaya ko biyu. Na satin farko ina adana shi daban, shi ne yake nuna min ainihin hannun kowa da ƙarfin Turancinsa, duk abin da ya kawo min daga gida daga baya ina da abin da zan gwada da shi.

Na gida kuma ban soke ba, na dai canja irin tambayar. Na daina ba da irin su "tattauna illar shaye-shaye ga matasa" domin wannan ko kafin AI ma haddace shi ake yi. Sai in ce je ka sami mutum ɗaya mai sana'a a unguwarku, mai shayi ko tela ko mai cajin waya ko ungozoma, ka tambaye shi abin da ya canja a sana'arsa tun da aka cire tallafin mai a 2023, ka rubuto min abin da ya ce da abin da kai ka gani da idonka, ka haɗo da takardar da ka yi rubutu a kai lokacin hirar ko da da Hausa ne ko da ajami. In sun kawo sai in zaɓi wasu ba tare da sun san wa za a kira ba, minti biyu kowa, in ce karanta min sakin layinka na biyu, me kake nufi da wannan kalmar, me ya sa ka fara da wannan ba wancan ba. Mu da muka yi makarantar allo ai mun san ba a wanke allo sai an biya a gaban malam, to shi ne kawai na dawo da shi. Wanda ya rubuta da kansa ko Turancinsa ya karye za ka ga yana da abin faɗa, har ma ya ƙaro maka abin da bai saka ba.

Dalibi_Aji_Uku:

Salam malamai, ku yi haƙuri na shigo maganar manya, amma tunda a kanmu ake yi na ga gara ku ji daga ɓangarenmu. Ina aji uku ne yanzu.

Gaskiya Malam kusan kowa yana amfani da shi, wanda ya ce maka ba ya yi to ko dai ba shi da babbar waya ko kuma yana jin nauyinka ne. Amma dan Allah ku duba yadda muka zo. Mu a sakandare abin da aka koya mana shi ne yadda za mu cika kalma 450 a jarabawar WAEC, an ba mu buɗewa an ba mu rufewa mun haddace, JAMB kuma tun 2015 a kwamfuta ake yi duka babu inda za ka rubuta jimla ɗaya, sai muka shigo jami'a aka ce mu rubuto shafi biyar mu saka madogara, wlh ni a lokacin ban ma san yadda ake fara neman madogarar ba kuma babu wanda ya zauna ya nuna mana, an dai ce a kawo ranar Litinin a hannun kilas ref.

Na biyu kuma, kuma ina faɗa ne da ladabi, tunda na shigo makarantar nan da wuya ka ga an dawo mana da asaimen an ce ga inda ka yi kuskure ga inda ka yi daidai. Ka biya kuɗin taifin da firintin, ka miƙa, shi kenan sai dai ka ga maki a allo in ma ka gani. To in mutum ya san ba za a karanta ba, ga kwasa-kwasai goma a kansa kowane malami da nasa asaimen a sati ɗaya, ga babu wuta a hostel, me kuke tsammani zai yi.

Akwai wata 'yar ajinmu da har yanzu abin yake min ciwo in na tuna. Ita da kanta take rubuta nata, ta kwana a kai, Turancinta ba laifi amma akwai 'yan kurakurai irin namu, aka ba ta 5 cikin 10, waɗanda kuma na san a gabana suka ciro nasu cikin minti uku aka ba su 8 saboda nasu ya fi santsi. Daga wannan semestar ita ma ta bi layi. Ba lalaci ba ne ya kai ta, ta ga ana hukunta ta ne a kan gaskiyarta.

Maganar manhajar kamawa kuma Malama ta faɗi gaskiya, ina ƙara da cewa masu kuɗi ba za ta kama su ba, akwai wasu manhajojin da ake biya su sake juya rubutun ya fito kamar na mutum, wanda ke da kuɗin data da na biyan wata ya wuce, talaka mai amfani da na kyauta ko ma wanda bai yi ba sam shi za a riƙe.

Ni yanzu yadda nake yi, in malami ya ba da handawut ban gane ba sai in ce ya yi min bayani da Turanci mai sauƙi, wannan kam ya taimake ni sosai fiye da yadda zan iya faɗa, har abin da nake jin kunyar tambaya a aji ina tambayarsa. Amma ba zan ɓoye muku ba, na lura in shi ya rubuta min abu bayan sati ɗaya ba na iya tuna ko me ke ciki, kuma ga firojet na tafe, ina tsoron ranar difens. Da a ce tun aji ɗaya an yi mana irin abin da Malama take yi da na fi son haka, ko da makina zai ragu.

Bakin_Alkalami:

Ni fa ban ga abin dogon zance a nan ba. Wanda ya miƙa aikin da ba shi ya yi ba ya rubuta sunansa a kai ya yi ha'inci, ko mutum ne ya rubuta masa a shagon taifin ko na'ura, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ɗalibi na ji uzurinka kuma akwai gaskiya a ciki, malamin da ba ya duba aiki shi ma zai amsa tambaya a gaban Allah, amma laifin wani ba ya halatta naka.

Ina duba firojet na 'yan aji huɗu, yanzu kafin in karanta babi na ɗaya shafin madogara nake fara buɗewa. Sai ka ga sunan farfesa na gaske wanda na sani, da sunan mujalla ta gaske, da shekara da lambar shafi, ka je ka nema babu wannan maƙalar a duniya, ba a taɓa rubuta ta ba. Wannan ba sai da wata manhaja ba, hujja ce a fili, kuma duk wanda na samu da ita babin nan gaba ɗaya zai sake. Mu daina lallaɓa abin. A rubuta doka, a karanta musu, wanda ya karya a kai shi kwamiti kamar yadda ake kai mai satar amsa a zauren jarabawa.

Dan_Arewa_a_Ingila:

Malam barka da ƙoƙari. Ina digiri na uku a nan Ingila kuma ina taya koyar da 'yan aji ɗaya, bari in faɗi yadda abin yake a nan domin kar a ɗauka sun gama warware shi, su ma faman suke yi.

Wata cibiyar nazarin ilimin jami'a da ake kira HEPI ta yi wa ɗaliban Birtaniya tambayoyi, a rahotonta na 2025 kashi 92 cikin ɗari suka ce suna amfani da AI, daga kashi 66 a shekarar da ta gabata, kashi 88 kuma sun yi amfani da shi a aikin da ake ba wa maki. To maganar hanawa gaba ɗaya ta riga ta wuce. Makarantun gwamnati na birnin New York sun toshe ChatGPT a Janairun 2023, kafin ƙarshen Mayu suka janye. Manyan jami'o'in nan 24 na Russell Group tun Yulin 2023 suka fitar da matsaya cewa za su koya wa ɗalibai da malamai yadda ake amfani da shi ne tare da kare gaskiyar aiki. Wanda ya fi burge ni shi ne tsarin jami'ar Sidni a Ostireliya, sun raba aiki gida biyu. Akwai wanda ake yi a gaban malami cikin tsaro, a rubuce ko da baki, shi ne zai tabbatar yaro ya iya da kansa. Akwai kuma wanda ake yi a gida, wannan sun yarda ba za su iya tsare shi ba don haka ba sa yaudarar kansu, an yarda a yi amfani da AI amma ka bayyana yadda ka yi. A Amurka ma malamai da yawa sun koma ba da jarabawar hannu a ɗan littafin amsa mai shuɗin bango da suka daɗe da ajiyewa.

Malam Bakin_Alkalami, abin da ka gani na madogarar ƙarya yana da dalili kuma ya kamata a koya wa yara dalilin, ba hukunci kawai ba. Shi wannan abu asalinsa ba ma'ajiyar littattafai ba ne da yake zuwa ya ɗauko, an horar da shi ne da rubutu mai ɗimbin yawa har ya iya hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata, to in ka ce ya ba ka madogara zai iya jero maka abin da ya yi kama da madogara ko akwai ko babu, da cikakken ƙarfin hali. Ba ɗalibai kaɗai ya kayar ba, a Yunin 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun shigar da takarda mai ɗauke da shari'o'i 6 da ba a taɓa yi ba, a wata ƙara da aka kai kamfanin jirgin sama na Avianca. Sababbin da ke iya bincike a intanet sun rage wannan amma ba su daina ba. Kuma ya fi yin haka a kan abin da ba a rubuta da yawa a intanet ba, wato daidai abubuwanmu, tarihin garuruwanmu da kasuwanninmu da malamanmu.

Shi ya sa darasin da na fi jin daɗinsa shi ne in sa shi ya rubuta shafi ɗaya a kan abin da ɗaliban suka sani sosai, in raba musu, in ce ku ɗauki jan biro ku nemo min inda ya yi ƙarya, inda ya yi magana ba hujja, inda ya cika shafi bai ce komai ba. A wajenku ai abin ya fi sauƙi, a ce ya rubuta a kan kasuwar hatsi ta Dawanau ko marinar Ƙofar Mata ko yadda ake noman rani a Kadawa, a ba wa yaran da iyayensu ke wannan harkar. Falle ɗaya ne za a buga, ba sai kowa yana da data ba. Yaron da ya taɓa kama shi da ƙarya da hannunsa ba zai ƙara miƙa masa wuya kamar da ba.

Ɗalibi, abin da ka ce na mantuwa an ma gwada shi. A 2025 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun raba mutum 54 rukuni uku, masu ChatGPT da masu binciken Google da masu rubutu da ka, yawancin 'yan rukunin farko sun kasa kawo jimla ɗaya daidai daga rubutun da suka gama miƙawa 'yan mintuna kaɗan baya. Ƙaramin bincike ne ba a gina gida a kansa, amma ya yi daidai da abin da kai ka ji a jikinka.

Inda na ɗan saɓa da Malama, da girmamawa, shi ne rubutun minti goma sha biyar yana nuna mana abin da yaro ya iya amma ba shi ne duka rubutu ba. Rubutu na gaske ai a gyara yake, ka rubuta ka ajiye ka dawo bayan kwana biyu ka ga shirme ne ka yanke rabi ka sake jera hujjojin. In muka tsorata muka mayar da komai cikin aji za mu yaye yaran da suka iya amsa da sauri amma ba su taɓa zama da tunani ɗaya na sati uku ba, firojet kuma irin wannan zaman yake so.

Malamin_GST:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malama, alƙaluman nan na Stanford da Vanderbilt zan kai su zaman sashe, domin masu neman a sayo manhajar da niyya mai kyau suke yi, ba su san inda za ta fi cizo ba ne.

Ɗalibi, Allah ya yi maka albarka, kuma kar ka ƙara ba da haƙuri don ka yi magana a nan. Labarin 'yar ajinku shi ne ya fi tsaya min. In dai ma'aunin makinmu santsin Turanci ne to mu da kanmu muke tura su wajen na'ura, domin a santsi ba wanda zai kamo ta. Dole makin ya koma kan me ka gani, me ka ce, da me ka kafa hujja, nahawu ya zama ɓangare ba duka ba. Maganar rashin dawo da takardu kuma haka take a wurare da yawa, sai dai ka sani malami ɗaya da takarda ɗari biyar in ya ba kowace minti biyar kacal sama da awa arba'in kenan, ban da sauran kwasa-kwasansa da firojet da tarurruka, ba hujja nake kafa wa kowa ba, nauyin ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Malam Bakin_Alkalami ina tare da kai a kan cewa ha'inci ne kuma a rubuta doka, amma kwamiti yana buƙatar hujja, madogarar ƙarya hujja ce, "na ji a jikina ba shi ya rubuta ba" kuwa ba hujja ba ce, kuma yawancin na 'yan aji ɗaya babu madogara a ciki balle a kama ta nan.

Tambayata da ta rage gare ki Malama, takardun cikin ajin nan na kowane sati ya kike yi da su? Domin in na ce zan duba duka ba zan kai sati na uku ba. Sannan me za ki ce a kan maganar ɗan'uwanmu na Ingila ta gyaran rubutu?

Malama_Tsohuwar_Hannu:

Ba na duba duka Malam, kuma tun ranar farko nake gaya musu haka don kar a yi yaudara. Kowa yana samun ɗan maki na cewa ya zauna ya rubuta, wannan da lambar rajista kawai ake yi, kilas ref biyu suna taya ni jerawa. Sannan kowane sati ina ɗaukar kaso ɗaya in duba da kyau in yi musu rubutu a gefe, ina juyawa yadda kafin semesta ta ƙare kowa an duba nasa sosai aƙalla sau biyu kuma an mayar masa a hannunsa. Daga cikin waɗanda na duba nake zaɓo uku in cire suna in rubuta a allo mu gyara tare, a nan ne ma ake koyon da ya fi yawa, domin kuskuren mutum ɗaya na mutum ɗari ne, musamman haɗa jimloli uku da waƙafi ba aya, da sakin layin da ba a san inda ya dosa ba.

Ɗana na Ingila ka yi gaskiya kuma ban musa ba. Abin da nake yi a kan haka shi ne aikin hirar nan ba sau ɗaya ake miƙa shi ba. Zubin farko a aji suke rubuta shi da hannu daga bayanan hirarsu, in sa hannu a kai su tafi da shi. Sati na gaba su yi musanya uku-uku, kowa ya rubuta wa ɗan'uwansa abu biyu, inda bai gane ba da inda yake son ƙarin bayani, ya sa sunansa. Sannan su je gida su gyara, a nan na yarda mutum ya tambayi AI a kan nahawu ko ma'anar kalma in yana so, da sharaɗin ya rubuta min layi biyu a ƙasa ya faɗi me ya tambaya kuma me ya ɗauka me ya bari. Ranar miƙawa a haɗo duka a maƙale, bayanan hira da zubin farko mai sa hannuna da gyaran abokai da na ƙarshe. In na ƙarshen ya yi tsalle ya bar na farko nesa ba kusa ba, shi ne wanda zan kira mu yi minti biyun nan, ba da zargi ba, tambaya ce kawai.

A wajenmu CA maki 30 ne, na ba rubutun aji 12, aikin hira 14, gyaran da ka yi wa abokinka 4. In naku 40 ne sai ka daidaita. Abu biyu za ka nema a wajen shugaban sashe tun kafin a fara semesta, a ba ka ko mutum biyu cikin masu digiri na biyu su taya ka duba da kiran baki, ko da takardar shaida ce kawai za a ba su a ƙarshe suna so, sannan a amince maka da wannan rabon makin a rubuce saboda ranar da wani zai kai ƙara. Kuma ka tanadi hanya ga ɗalibai makafi da waɗanda hannunsu ke da lalura, su a ba su damar yi da baki ko a kwamfuta a ofishinka. Zauren da kake lakca yana da benci mai abin ɗora takarda kuwa, ko irin wanda rabin aji ke tsaye a baya ne? In na biyun ne sai mun sake lissafi, wataƙila ka raba su gida biyu rabi su rubuta wannan satin rabi sati mai zuwa.